Lambar da ke Damtsen Kaka: Gidan Tarihi da Koyar da Tarihin Rigakafi



An ba mu wannan lokaci ne domin mu yi magana a kan kai ɗalibai ziyara gidajen tarihi, mu kuwa muka ga ya fi kyau mu tsaya a kan fanni guda mu tattauna shi da kyau, wato tarihin allurar rigakafi. Dalilinmu a fili yake. Duk wanda ya riƙe aji a firamare ko ƙaramar sakandare ya san ranar da ma'aikatan lafiya ke shigowa makaranta da akwatin sanyi rataye a kafaɗa. Ya san yaran da ke sulalewa ta taga, ya kuma san uban da zai zo washegari da tambaya a bakinsa. Uban nan malamin aji yake nema, domin shi ya sani, shi ya damƙa wa ɗansa. Tun daga watan Oktoban 2023, lokacin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin ƙwayar cutar da ke haddasa sankarar bakin mahaifa, wannan tambaya ta ƙara yawaita a ƙofar azuzuwanmu. Mu ba likitoci ba ne, ba ma kuma neman zama. Amma muna tsakiya, kuma abin da muka iya shi ne koya wa yaro yadda ake bin magana har a gano tushenta.

Akwai wata wahala ta musamman a koyar da wannan batu. Idan rigakafi ya yi aikinsa, sai ya share shaidar da ke nuna an taɓa bukatarsa. Ɗalibinmu na aji shida bai taɓa ganin mai agana ba, kuma ba zai gani ba. Cuta ce da mugun nau'inta kan kashe kimanin mutum uku cikin kowane goma da ta kama, ta bar wasu da makanta, wasu da zanzana a fuska har ƙarshen rayuwa. Ranar 8 ga Mayun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar cewa an kawar da ita daga doron ƙasa. Yau kalmar agana kanta ta fara ɓacewa daga bakin yara. Saboda haka idan muka rubuta a allo cewa rigakafi ya fi magani, yaro zai rera, zai haddace, zai ci jarrabawa, amma maganar ba ta da nauyi a zuciyarsa. Aikin gidan tarihi shi ne ya dawo da abin da ya ɓace gaban ido, ya ajiye shi inda hannu zai iya kaiwa. Gani ya kori ji.

Bari mu fara da inda aka fi sani. A wani ƙaramin gari mai suna Berkeley, a kudu maso yammacin Ingila, akwai gidan da likita Edward Jenner ya zauna. Tun 1985 gidan ya zama gidan tarihi, kuma makarantu kan kai ɗalibansu can, musamman da yake tarihin magani darasi ne da ake zana jarrabawarsa a sakandarensu. A cikin lambun gidan akwai wata 'yar bukka mai rufin ciyawa inda Jenner ya riƙa yi wa talakawan garin lamba kyauta. Labarin da ake ba yara a can shi ne wannan. Manoma sun daɗe suna cewa mai tatsar nonon da ta ɗauki ƙurajen nonon saniya, wato aganar shanu, ba ta kamuwa da agana. Ranar 14 ga Mayun 1796 Jenner ya ɗebi ruwan ƙurji daga hannun wata mai tatsar nono, Sarah Nelmes, ya yi 'yar tsaga a hannun wani yaro ɗan shekara takwas, James Phipps, ya shafa masa. Yaron ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. Bayan makonni kaɗan Jenner ya sa masa ruwan agana na ainihi, bai kamu ba. Fatar saniyar da abin ya samo asali daga gare ta, wadda ake kira Blossom, tana nan rataye har yanzu a wata makarantar likitanci a Landan.

Malami rago zai tsaya nan, ya tambayi yara suna da shekara, a koma mota. Darasin da ya amsa sunansa kuwa daga nan yake farawa, kuma tambayarsa ita ce: yaya Jenner ya san abin ya yi aiki? Sai a raba yara rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni katin da ke ɗauke da mataki guda na labarin, a ce su jera su, su kuma nuna inda jita-jita ta ƙare, inda gwaji ya fara. Ko ba daɗe ko ba jima wani yaro zai ɗaga hannu ya ce ai yaro ɗaya ba ya isa hujja, watakila Phipps dama ba mai kamuwa ba ne. Wannan yaron ya faɗi daidai abin da masanan Landan suka ce, domin rubutun farko da Jenner ya aika musu ba su buga ba. Sai da ya koma ya tara bayanin mutum 23, sannan ya buga littafinsa da kuɗinsa a 1798. Ranar da ɗalibi ya gano da kansa cewa labarin mutum ɗaya ba ya zama hujja, ko labarin na yabo ne ko na suka, ranar mun ba shi abin da zai amfane shi fiye da haddar shekaru ɗari.

Daga nan sai tambaya ta biyu, wadda wasu malamai kan so su tsallake. James Phipps ɗan mai kula da lambun Jenner ne. Shin ubansa na da bakin da zai ce a'a ga maigidansa? Gaskiya ne hanyar da aka bi aka sa masa aganar abu ne da ake yi wa yara da yawa a zamanin, kamar yadda za mu gani nan gaba, kuma gaskiya ne daga baya Jenner ya ba Phipps gidan zama kyauta. Duk da haka, yau babu hukumar da za ta yarda a yi irin wannan gwaji. Yara na jin daɗin wannan muhawara ƙwarai, domin su ma sun san abin da ake nufi da a yanke hukunci a kan jikinka ba a tambaye ka ba. Haka kuma yana da kyau su ji cewa shekara 22 kafin Jenner, a 1774, wani manomi mai suna Benjamin Jesty ya yi wa matarsa da 'ya'yansa biyu irin wannan da hannunsa, maƙwabta suka yi masa ca. Shi bai rubuta ba, bai ƙirga ba, shi ya sa tarihi ya kusa mantawa da shi.

To, mene ne ake yi kafin aganar shanu? A nan ne labarin ya biyo ta nahiyarmu, kuma a ganinmu wannan shi ne sashen da bai kamata wani yaron Afirka ya gama makaranta bai ji ba. Tsohuwar hanya ita ce a ɗebi ruwan ƙurjin mai agana a sa a 'yar tsaga a fatar mai lafiya. Yawanci sai ya yi ciwon sama-sama ya tashi, ba ya ƙara kamuwa. Hanya ce mai haɗari, domin wani kan mutu, wani kuma kan shafa wa wasu cutar, amma haɗarinta bai kai na agana da ta zo da kanta ba. An san ta a Sin da Indiya da ƙasar Turkawa da sassan Afirka tun kafin likitocin Turai su ji labarinta. Lady Mary Wortley Montagu, matar jakadan Ingila, a ƙasar Turkawa ta ga tsofaffin mata na yi a 1717, ta sa aka yi wa 'ya'yanta. A ɗaya gefen teku kuma, a birnin Boston na Amurka, a 1706 aka ba wani limamin coci mai suna Cotton Mather kyautar bawa da aka kamo daga Afirka, ya raɗa masa suna Onesimus. Da Mather ya tambaye shi ko ya taɓa yin agana, sai ya nuna masa tabo a hannu, ya bayyana masa yadda ake yi a ƙasarsu. Sunansa na yanka bai iso gare mu ba, sai sunan da ubangidansa ya laƙaba masa.

A 1721 agana ta faɗa wa Boston, garin da mutanensa ba su wuce 11,000 ba. Mather ya roƙi likitocin garin su gwada hanyar Onesimus, duk suka ƙi sai mutum ɗaya, Zabdiel Boylston. Wasu sun ƙi ne ƙarara don maganar daga bakin bawa ta fito. Rikici ya yi tsanani har aka jefa wa Mather bam ta taga, Allah Ya sa bai tashi ba. Amma Boylston ya yi wani abu da ya fi gardama ƙarfi: ya rubuta lissafi. Kusan mutum 6,000 suka kamu da cutar ta hanyar da aka saba, 844 suka mutu. Shi kuwa ya yi wa mutum fiye da 240 tsaga, shida suka mutu. Malaman lissafi da ke cikin wannan zaure sun riga sun ga darasinsu. A ba yara waɗannan alƙaluma huɗu kawai, kada a faɗa musu amsa. Su raba da kansu, su samu kusan ɗaya cikin bakwai a wancan gefe, kusan ɗaya cikin arba'in a wannan. Sannan a ce musu: kai ne uba a Boston a shekarar nan, kana da 'ya'ya uku, me za ka yi? Abin da ke sa wannan aiki ya yi daraja shi ne ba ya ɓoye mutum shidan nan. Yaro yana koyon cewa zaɓi tsakanin haɗari biyu ake yi, kuma ana iya auna su.

Wani abin da gidajen tarihin Ingila ke yawan sa wa a gaban ɗalibai shi ne wani zanen barkwanci na James Gillray na 1802. An zana mutane a ɗakin likita ana yi musu lamba, ƙananan shanu na ɓullowa daga hancinsu da kumatunsu da hannuwansu. Yara kan fashe da dariya, kuma a bar su su yi. Bayan dariya sai tambayoyi: wa ya zana, wa yake yi wa ba'a, wane tsoro ne ke yawo a gari har ya ga abin zanawa? Daga nan sai a gaya musu cewa a 1853 gwamnatin Ingila ta wajabta yi wa jarirai lamba, ana cin tarar iyayen da suka ƙi, wasu har kurkuku. A 1885 dubban mutane suka yi zanga-zanga a birnin Leicester, kuma a 1898 dole gwamnati ta sassauta, ta ba iyaye damar neman uzuri. Ana iya mai da aji majalisar gari: wannan uba ne matalauci da aka ci tara, wannan likita, wannan uwar da agana ta kashe mata ɗa, wannan uwar da hannun ɗanta ya rube bayan lamba, abin da kan faru a wancan zamani da ake ɗebo ruwan daga hannun wani yaro zuwa na wani. Muna son ɗalibanmu su san wannan saboda an daɗe ana yi mana magana kamar tsoron allura ɗabi'armu ce mu kaɗai. Turawan da suka ƙirƙiro ta sun fi shekara ɗari suna wannan faɗa a tsakaninsu.

Akwai wasu dabaru da za mu ambata a taƙaice. Gidan tarihin magani na Thackray da ke Leeds ya gina unguwar talakawa irin ta shekarun 1840, har da warinta, mai ziyara ya ɗauki sunan wani mazaunin unguwar ya bi rayuwarsa ya ga ciwon da ya same shi. Gidan tarihin kimiyya na Landan kuma yana da huhun ƙarfe, wato doguwar na'urar da ake kwantar da wanda shan inna ta hana numfashi, kansa kawai a waje. Ba a bukatar dogon bayani a gabanta. Sai kuma labarin da ya fi kama zukatan yara ƙanana. A ƙarshen 1803 Sarkin Sifaniya ya aika likita Francisco Javier de Balmis ya kai rigakafin agana ƙasashen Amurka. Babu firji, babu ƙanƙara, ruwan kuma yakan lalace a hanya. Sai aka ɗauki marayu 22 a jirgin ruwa, ana yi wa biyu lamba, in ƙurjinsu ya nuna bayan kwana tara ko goma a ɗiba a sa wa biyu na gaba, a haka har aka ƙetare teku. Yara na iya lissafa ko marayun za su isa tafiyar, su kuma tambayi wanda ya nemi izininsu. In sun gama, sai a ajiye musu akwatin sanyin nan da suke gani a kafaɗar ma'aikaciyar lafiya, su fahimci matsalar da aka yi shi don ya warware.

Yanzu mu dawo gida, domin babin ƙarshe na yaƙi da agana ya bi ta ƙasar nan. A watan Disamban 1966 wani likita ɗan Amurka, William Foege, yana aiki a yankin Ogoja sai agana ta ɓarke, rigakafin da ke hannunsa kuma bai isa kowa ba. Sai ya yi amfani da rediyon 'yan mishan, aka aika mutane ƙauye-ƙauye su gano inda masu ciwon suke, aka yi wa na kusa da su lamba, da mutanen kasuwannin da suke ci. Cutar ta tsaya ba tare da an yi wa kowa da kowa ba. Wannan dabara ta kewaye wuta maimakon jiƙa dukan daji ita ce daga baya ta zama ginshiƙin aikin a duniya. An bi ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da allurar nan mai kama da bindiga wadda ake taka ta da ƙafa, kuma a 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a yankin, a nan Nijeriya. Irin bindigar nan yau tana gidan tarihin hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka a birnin Atlanta, yaran can na kallonta. Yaranmu, jikokin waɗanda aka harba wa ita a damtse, ba su san da ita ba.

Dabarar Foege ana iya buga ta a filin makaranta ba tare da an kashe ko sisi ba. A tsayar da yara arba'in layi-layi. A shafa wa ɗaya garin alli a hannu, shi ne mai ciwo, a kowane zagaye yana taɓa biyu na kusa da shi, su ma su taɓa na kusa da su. A ƙirga zagaye nawa kafin alli ya game fili. Sannan a raba katin kariya ga yara goma a sake, sai ga talatin a sake. Za su ga da idonsu cewa wasu marasa kati sun tsira don kawai masu kati sun kewaye su, kuma a nan ne ake gaya musu cewa ƙyanda, saboda saurin yaɗuwarta, sai an kare kusan 95 cikin 100 kafin jariran da ba su isa allura ba su samu wannan inuwa. A zagaye na ƙarshe a ce kati takwas kaɗai suka rage, su yanke shawarar wanda za a ba. Za su yi gardama, za su yi kuskure, daga bisani wata yarinya za ta ce a ba na kusa da mai allin.

Sauran magana mai nauyi, kuma ba za mu kauce mata ba. Ba za a koyar da tarihin rigakafi a Arewa a tsallake 2003 ba. A shekarar ne aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi, bisa zargin cewa an gurɓata shi da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan gwaje-gwaje, da kuma sayo maganin daga Indunusiya. Kafin a farga cutar ta tsallaka zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman, har Indunusiyar kanta. Zargin bai tabbata ba, yara kuma sun shanye. Wannan rabin labarin ke nan, kuma wanda ya tsaya a nan ya zalunci iyayenmu. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau da ta kashe dubbai, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200 a Kano. Yara 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi shekaru ana shari'a, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Trovan maganin warkarwa ne, ba rigakafi ba, kuma wajibi ne ɗalibi ya san bambancin. Amma wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ɗaliban babbar sakandare sun isa su riƙe waɗannan abubuwa biyu a lokaci guda: cewa tsoron yana da asali, kuma cewa abin da tsoron ya haifar ya cuci yara. Sun isa su ji cewa a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe ma'aikatan rigakafi tara a Kano, kuma abokan aikinsu sun ci gaba da shiga gida-gida. Sun isa su bincika yadda aka dawo da amana, da rawar da sarakuna da malaman addini da matan unguwa suka taka, har aka ga mai ɗauke da asalin ƙwayar shan inna na ƙarshe a Borno a 2016, aka kuma ba nahiyar Afirka takardar shaida ranar 25 ga Agustan 2020. Wani cikinsu zai tambaya, to me ya sa har yanzu ake zuwa ɗigo? Tambaya ce mai kyau, tana kuma da amsa. Asalin ƙwayar tana nan a Afganistan da Pakistan. Bayan haka, raunanniyar ƙwayar da ke cikin ɗigon baki, idan ta daɗe tana yawo a inda yara da yawa ba su da kariya, takan rikiɗe ta sake iya shanye yaro. Gara ya ji wannan daga bakin malaminsa, da cikakken bayani, da ya tsince shi rabi-rabi a saƙon WhatsApp.

Mun san abin da wasunku ke raɗawa: ina mu ina Berkeley, mu da kuɗin motar zuwa Gidan Makama ma sai an yi karo-karo? Gaskiya ne. Gidajen tarihinmu, Gidan Makama a Kano da na Kaduna da na Jos da na Boubou Hama a Yamai, an fi saninsu da tarihin sarauta da sana'o'i da kayan yaƙi da kayan da aka tono daga ƙasa. Sai dai gidan tarihi ya samo asali ne daga mutum guda da ya ƙi jefar da wani abu. Kayan wannan tarihi kuwa suna kewaye da mu. Akwai katin awo na jariri da ke ƙasan adakar uwa. Akwai tsohon akwatin sanyi da asibitin unguwa zai iya ara mana, da kwalbar rigakafi wadda ba komai a ciki, mai ɗan murabba'in nan a jikin takardarta da ke yin duhu in zafi ya taɓa maganin. Akwai rubutun alli a ƙofar gidaje da yara ke wucewa kullum ba su san ma'anarsa ba, da tawadar da ake shafawa a ɗan ƙaramin yatsa. Akwai keken guragu mai tuƙin hannu. Har kalmominmu kayan tarihi ne. Malamin Hausa zai iya cinye darasi guda a kan sunan shan inna kaɗai, yadda ya adana tsohon bayanin kakanninmu cewa wata iska ce mai suna Inna ke shanye ƙafar yaro, da yadda sunan ya zauna bayan bayanin ya canja.

Mafi darajar kayan duka yana damtsen kakanni. A tura kowane ɗalibi gida da tambayoyi kaɗan: Kaka, kina da lamba? A ina aka yi miki, wa ya yi, da me? Kin taɓa ganin mai agana? Yaya ake yi da shi a gari? Ya rubuta amsar da kalmominta, da izininta, ya kawo. A nan akwai abin lura. Yawancin yaranmu ma suna da ɗan tabo a damtse, amma nasu na rigakafin tarin fuka ne da ake yi wa jarirai, ba na agana ba. Bambance tabon biyu ta hanyar tambayar shekara da yadda aka yi shi kansa aikin bincike ne. Idan makarantu goma na reshen nan suka yi wannan a zango guda, muna da abin da za mu baje a zaure ɗaya, muna kuma da abin da za mu kai wa jami'an ilimi na gidan tarihi mafi kusa, mu ce ga gudummawarmu, ku ba ta kusurwa.

Wasu sharuɗɗa dole reshe ya tsaya a kansu, don kare yara da kuma kare malamai. Kada a haɗa ranar baje koli ko ziyara da ranar allura, kuma takardar neman izinin iyaye ta faɗi haka ƙarara, in ba haka ba rabin aji ba zai zo ba, amanar da muke nema kuma ta zube. Kada a kawo allurar da aka taɓa amfani da ita. Hotunan masu agana suna da tayar da hankali, a keɓe su ga manyan ɗalibai. Kada a tambayi yaro a gaban aji ko an yi masa rigakafi, domin ba shi ya yanke shawarar ba, kada kuma a mai da ɗalibi mai ɗingishi abin misali. Idan fita za a yi, malami ɗaya ba zai kula da yara saba'in a titi ba, kuma kuɗin mota ba daga aljihunsa zai fito ba. Wannan magana ce da ya kamata shugabanninmu su kai gaban hukumar ilimi a rubuce.

Wanda ya kai shekara goma a 1970, wato wanda ya ga agana da wayonsa, yau ya haura sittin. Da yawa daga cikin irinsu suna zaune a layin gaba na wannan zaure. Muna roƙon iyayenmu malamai da suka ajiye aiki, duk wanda ke da lamba a damtse kuma ya yarda ɗalibai su zo su yi masa tambayoyi, ya ba sakatare sunansa da unguwarsa kafin a tashi.